Abin da ke cikin jakar mai ɗaukar hoto

Babu wani biki da ake yi yau a garuruwanmu, daga Yamai har Damagaram, wanda ba a ganin mai ɗaukar hoto a cikinsa. Ranar suna yana nan, ranar ɗaurin aure yana nan, haka kuma ranar hawan salla da ranar da ɗalibai ke karɓar takardun ƙare karatu. Jama'a suna kallon kamarar da ke hannunsa, amma kaɗan ne ke kula da jakar da ya rataya a kafaɗa, alhali kuwa rabin aikinsa a cikinta yake. A wannan shafi muna so mu buɗe jakar nan tare da masu karatu, mu duba kayan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, mu ga matsalar da kowanensu yake magancewa.

Abin da ya sa maganar take da muhimmanci shi ne, aikin mai hoto ba ya maimaituwa. Tela in ya ɓata ɗinki yana iya warwarewa ya sake. Amma amarya sau ɗaya take fita daga gidan iyayenta, kuma dattijon da aka ɗauka yau tsakiyar jikokinsa, ba wanda ya san ko zai ga baɗi. In kamara ta tsaya a wannan lokaci, ko fuska ta fito baƙi ƙirin, mayar da kuɗi ba zai biya hasarar da aka yi wa gidan ba. Saboda haka mai hoton da ya san aikinsa tun da dare yake shirya jakarsa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Kamara da ƴar'uwarta

Abu na farko a cikin jaka shi ne kamara, kuma ƙwararru guda biyu suke ɗauka. Ta biyu ba dole ne ta kai ta farko tsada ba. Sau da yawa tsohuwar da aka daina aiki da ita ce ake gogewa a sa a jaka, don in babbar ta sami matsala ana tsakiyar aiki a jawo ta nan take. A ƙasarmu akwai wani dalili kuma: wanda yake da kamara biyu yana ɗaura wa kowace ido dabam tun daga gida, ba sai ya tsaya yana buɗe kamara cikin ƙura ba. Za mu komo kan wannan magana a gaba.

Idanun kamara

Gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban kamara shi ne idonta, kuma da milimita ake auna shi. Ido mai ƙaramin lamba, kamar 24 ko 28, yana gani da faɗi, yana kwashe tsakar gida duka da mutanen da ke ciki. Ido mai babban lamba, kamar 85 ko 135, wuri kaɗan yake gani, amma yana jawo na nesa kusa.

Masu ɗaukar fuska sun fi son 50 da 85, kuma ga dalili. In aka ɗauki fuskar mutum da ido mai faɗi, dole mai hoto ya matso ƙwarai kafin fuskar ta cika hoton. Da ya matso, abin da ya fi kusa da kamara, wato hanci, sai ya fito ƙato, kunnuwa kuma su ja baya su ƙanƙance. Wannan ne ya sa hoton da mutum ya ɗauki kansa da wayar salula yakan sauya masa kamanni, domin idon wayar mai faɗi ne, hannun mutum kuma gajere ne. Da ido mai lamba 85 kuwa, mai hoto yana tsayawa kamar mita 2 daga mutum ya sami kai da kafaɗu, fuska ta fito yadda Allah ya halicce ta. Tazarar nan tana da wani amfani: dattijo ko matar aure sun fi sakewa in ba a kawo musu kamara dab da fuska ba.

A cikin idon akwai ƙofa mai buɗewa da tsukewa, kamar ƙwayar idon ɗan Adam. In aka buɗe ta sosai, aka kai lamba 1,8 ko 2,8, mutum yana fitowa sarai, abin da ke bayansa kuwa ya dushe, ko da tulin shara ne ko bangon da ya tsage. In hoton dangi ne masu layi biyu ko uku, sai a tsuke ƙofar zuwa 5,6 ko 8, don kada na gaba su fito na baya su ɓace. Mai zuwa biki yakan ƙara da ido mai jawowa da turawa, irin mai 24 zuwa 70, domin a cikin taro babu lokacin sauye-sauye.

Haske da baƙar fata

Mutum zai yi zaton ƙasar da rana ta wadata ba ta buƙatar kayan haske. Masu sana'ar sun san ba haka ba ne. Ranar tsaka tana dukan mutum daga bisa kai, ta bar inuwa cikin kwarmin ido da ƙarƙashin hula ko rawani, goshi kuma ya yi ta ƙyalli. Lokacin da ya fi kyau shi ne da hantsi ko da la'asar sakaliya, wurin da ya fi kyau kuma shi ne inuwa mai faɗi, kamar bakin zaure ko ƙarƙashin rumfa. Inuwar itace tana da wuyar sha'ani, don hasken da ke ratsowa tsakanin ganye yana yi wa fuska dabbare-dabbare.

Tun da masu biki ba su tambayar mai hoto kafin su sa lokaci, dole ya zo da maganin rana a jakarsa. Na farko shi ne faifan mayar da haske: ƙyalle ne da aka ɗinke bisa zoben ƙarfe mai lanƙwasuwa, ana naɗe shi ya koma kamar faifan rufe ƙwarya, in an sake shi ya buɗe ya kai kusan mita ɗaya. Yana da fuska fara, da mai ruwan azurfa, da mai ruwan zinariya. Yaron mai hoto yana riƙe shi ya tare hasken rana ya mayar da shi bisa fuskar wanda ake ɗauka, inuwar ido ta washe. Ba ya cin batir, ba ya lalacewa da wuri, kuma wanda bai da shi yana iya aiki da farin zane ko farin kwali.

Na biyu shi ne fitilar walƙiya, wadda yawanci take cin ƙananan batura 4. In aka harba ta kai tsaye bisa fuska, fata tana ƙyalli kamar an shafa mai, baƙar inuwa kuma ta fito a bango. A ɗakin da yake da farin rufi, ana juya kan fitilar sama haske ya daki rufin ya sauko a hankali. Amma ɗakunanmu da yawa rufin kwano ne ko azara, bangon kuma shuɗi ne ko kore, kuma haske yana ɗauko launin abin da ya daka. Don haka ake tafiya da farar laima ta musamman da sandar kafa ta, a sa fitilar a bayanta, hasken ya yi taushi. Akwai kuma ƙafa uku da ake ɗora kamara a kai in haske ya yi ƙaranci, don kada hannu ya girgiza.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman. Ma'aunin hasken da ke cikin kamara an gina shi ne bisa zaton cewa abin da ke gabansa matsakaici ne, tsakanin fari da baƙi. In mutum ya sa farar shadda, ma'aunin yakan ruɗe ya ɗauka haske ya yi yawa, sai ya rage, riga ta fito da kyau, fuskar mai ita ta nutse cikin duhu. Maganin wannan shi ne ɗan kati mai ruwan toka da ake sawa a aljihun jaka. Ana miƙa shi kusa da fuskar mutum a auna haske a kansa, a daidaita launi da shi.

Matsalar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950, kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa ɗakunan wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka sani da sunan katin Shirley, kuma da shi aka riƙa daidaita launin injunan wanki. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata dabam-dabam. Kamarorin yau sun fi fim na wancan zamani iya riƙe duhu da haske tare, amma har yanzu mai hoto ne ke da alhakin auna haske bisa fuskar mutum, ba bisa rigarsa ba.

Ƙura da zafi

Daga watan Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana ɗauko ƙura mai laushi da ke shiga ko'ina. Duk lokacin da aka cire ido daga kamara, ƙurar tana iya sauka bisa farantin da ke karɓar hoto a ciki. Ƙwaya ɗaya in ta zauna, ɗigonta zai fito a wuri ɗaya cikin kowane hoto na ranar. Shi ya sa ake sa ɗan famfon roba na hura iska a jaka, da buroshi mai laushi, da ƙyallen goge gilashi. Ƙa'idar ita ce a hura tukuna kafin a goge, domin yashin da aka goga bisa gilashi yana karce shi. Ba a hurawa da baki saboda yawu, ba a gogewa da bakin riga. Ledoji masu rufewa su ma suna da amfani wajen tafiya bisa babur a hanyar ƙauye.

Game da zafi, yawancin masu ƙera kamara suna rubuta cewa kayansu na aiki ne tsakanin digiri 0 da 40. To, a watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa, Maraɗi ko Yamai yakan wuce 40 ko a inuwa. Baƙar jaka da aka bari a rana ko cikin rufaffiyar mota tana zama tanda, batura su raunana, kamara ta kashe kanta. Farin mayafi da za a lulluɓe jakar da shi yana cikin kayan aiki. Da damina kuma laima ce abokiyar gaba, don tana sa gilashi ya yi fumfuna daga ciki. Ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, masu hoto ba su zubar da su, a jaka suke sa su.

Batir da katin ajiya

Kamarar zamani in babu batir ba ta da wani amfani. Mai zuwa biki yakan ɗauki uku ko huɗu da aka cika da wuta, ya ware cikakku a aljihu ɗaya, waɗanda suka ƙare a wani aljihun, don kada su cakuɗe. Wanda zai kwana a ƙauyen da babu lantarki yana haɗawa da ma'ajin wuta na hannu ko ƙaramin faifan hasken rana.

Katin ajiya kuwa shi ya gaji fim. Bai wuce girman tambarin wasiƙa ba, amma yana ɗaukar hotuna dubbai, kuma nan haɗarin yake, domin in ya lalace ko ya ɓace, biki duka ya tafi. Masu hankali suna raba aikin yini bisa kati biyu ko uku. Kamarori da yawa na ƙwararru suna da ramin kati biyu, suna rubuta kowane hoto sau biyu a lokaci guda. A kula kuma da katunan jabu da ke yawo a kasuwa, waɗanda aka rubuta musu girman da ba su da shi: suna karɓar hoto kamar lafiya lau, sai an zo dubawa a tarar da wofi.

Kayan da ba na kamara ba

A aljihunan gefe akwai wasu ƙananan kaya da ba a sayar da su a kantin kamara: madubi, mashaci, allurar maƙale tufafi, tsumma mai tsabta na share gumi, da ɗan abin wasa mai ƙara na jawo hankalin jariri. Akwai labulen da ake naɗewa, da igiya da ƴan maƙalai na rataye shi a bango. Fari ko mai haske shi ake bukata don hoton takardu, wanda a ƙasashe da yawa girmansa na fasfo santimita 3,5 ne bisa 4,5, fuska tana kallon gaba, babu inuwa a baya. Wasu suna tafe da ƙaramin injin wanke hoto mai fitar da santimita 10 bisa 15 cikin kamar minti ɗaya, su miƙa wa mutum hotonsa kafin taro ya watse.

Kada a manta da littafi da alƙalami. A ciki ake rubuta sunan mai hoto, ranar da aka ɗauka, guda nawa ya biya, da abin da aka yi alkawari. A ciki kuma ya kamata a rubuta ko mutum ya yarda a nuna hotonsa a bangon shago ko a intanet. Fuskar mutum amana ce, kuma gidaje nawa aka shiga rikici saboda hoton ɗiya ko na matar aure da aka watsa ba da izini ba. Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa ake neman mata masu ɗaukar hoto, waɗanda ke iya shiga cikin gida wurin kamu da ƙunshi ba tare da an takura kowa ba.

Jakar mutanen jiya

Wanda ya ga yawan kayan nan zai iya cewa sana'ar sai mai jikkuna da yawa. Tarihin manyan masu hoto na Afirka ta Yamma bai nuna haka ba. Seydou Keïta na Bamako ya sami kamararsa ta farko a 1935, kyauta daga wani kawunsa da ya komo daga Sanigal, ya kuma buɗe shagonsa a 1948. Yawancin aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida. Labulensa na farko abin shimfiɗar gadonsa ne. Saboda tsadar kayan aiki, sau ɗaya yakan ɗauki mutum, don haka sai ya tsaya ya gyara zaman, ya baje riga, ya daidaita hannu da haɓa kafin ya taɓa kamara. Ya tanadi agogo, tabarau, alƙalami, rediyo da babur, waɗanda masu zuwa ke ara su ɗauki hoto da su. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma a gaban kamararsa kayan aro sun nuna mana burin mutanen Bamako na wancan zamani.

Malick Sidibé, shi ma a Bamako, da ƙaramar kamara da fitilar walƙiya yake bin wuraren rawar samari da dare, ya koma ya wanke fim kafin gari ya waye, ya manna ƙananan hotuna bisa kwali don kowa ya zo ya zaɓi nasa. A 2007 aka ba shi babbar lambar girma ta Zakin Zinariya a bikin fasaha na birnin Banis, a Italiya. A Bobo Julaso, Sanlé Sory ya buɗe shagonsa Volta Photo a 1960, da labulaye masu zanen jirgin sama da manyan birane. A nan gida kuma akwai Philippe Koudjina, wanda aka haifa a 1940, ya zauna Yamai tun gab da samun ƴancin kai, ya ɗauki rayuwar babban birnin a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. A zamaninsu naɗin fim ɗaya na kamara mai ido biyu hoto 12 kawai yake ɗauka, na ƙaramar kamara kuwa 24 ko 36. Ƙarancin nan shi ya koya musu duba haske da fuska da kyau kafin su danna.

Abin da ke faruwa bayan an sauke jaka

Darasi mafi girma daga wurin mutanen nan shi ne ajiya. A 1991 an nuna wasu hotunan Keïta a birnin Niyok ba tare da sunansa ba, don ba a san mai su ba. Da aka bi sawu har Bamako, sai aka tarar ya adana dubban finafinansa da aka wanke, a jere cikin akwati. Da su aka sake fitar da hotunan da aka nuna a Paris a 1994, shekarar da aka fara babban taron masu hoto na Afirka a Bamako. Da ya zubar da su lokacin da ya rufe shago, da ba wanda ya san shi a yau, da kuma iyalai da yawa sun rasa fuskokin kakanninsu.

Yau ana ɗaukar hoto fiye da kowane zamani, amma yawancinsa yana zaune cikin waya ko kati ɗaya, kuma ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. Mai hoton kirki da ya komo gida, kafin ya kwanta yana kwafe aikin yini cikin kwamfuta da wani ma'aji na biyu, kuma ba ya goge kati sai ya tabbatar da kwafi biyu. Iyali su ma suna da nasu aikin: su zaɓi hotuna kaɗan masu muhimmanci a wanke musu bisa takarda, su rubuta a baya sunayen mutane da wuri da shekara. Wannan aiki ne da duk wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci zai iya yi wa gidansu.

Ga ma'aikatan hukuma kuma, musamman na ma'aikatun magajin gari da masu kula da al'adu, akwai tsofaffin shagunan hoto a Damagaram, Maraɗi, Tawa da Ƙonni waɗanda masu su suka tsufa ko suka rasu. Ya kamata a bincika wurin magadansu ko akwai sauran fim a akwati kafin gara da zafi su gama da shi, a rubuta sunan mai aikin, a nemi shawarar gidan tarihi na ƙasa Bubu Hama da ma'ajiyar takardun ƙasa kan yadda za a adana shi, tare da kiyaye hakkin magada.

Daga ƙarshe, ya ku masu karatu, in za ku ɗauki mai hoto don wata hidima, bayan an yi ciniki ku tambaye shi abu uku: ko yana da kamara ta biyu, da me zai gyara haske in rana ta take, kuma ina yake ajiye hotuna bayan biki. Amsar da zai ba ku za ta nuna muku ko ya shirya jakarsa. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa.